Tarin Gwaggo

Mu uku ne a wurin Baba: Yaya, ni, sai Auta. In aka sa Gwaggo a lissafi mun zama huɗu, kuma ita ce babba, don ta riga Yaya zuwa gidan. Gwaggo mota ce, a-kori-kura, shuɗiya a zamanin ƙuruciyarta, yanzu kuwa launinta sai dai a bar wa Allah sani. Da ita Baba ya yi aikin kafinta duk rayuwarsa: ya ɗauko katako da safe, ya kai wa mutane gadaje da tebura da yamma. Inna ce ta raɗa mata sunan, wai don ba ta taɓa shiga gida ba tare da mita ba.

Bara ciwo ya kama Baba, irin wanda ke shanye ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, bakinsa ya dawo, hannunsa ya dawo, amma ƙafar hagu ta ce ita kam ta yi ritaya. Tana takawa in da sanda, sai dai ba ta iya danna komai. Ƙafar hagu kuwa ita ce ta taka kulocin mota, saboda haka aka lulluɓe Gwaggo da tamfol a tsakar gida, Baba kuma ya koma kujerar bakin taga, wadda shi ya haɗa ta da hannunsa, ya zauna yana kallon tamfol ɗin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ya daina tsokana. Mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya haɗa maka da wata magana mai sa ka sosa ƙeya, ya koma daga "to" sai "na gode". Wallahi tsoro ya kama ni, don na ga alamar ya fara naɗe tabarmarsa tun yana da rai.

Likita ya ce fita ita ce rabin maganinsa, kuma zai iya tuƙi in dai motar ba ta buƙatar ƙafar hagu. Da muka kawo masa zancen ko juyowa bai yi ba.

"Ku sayar da ita," ya ce.

"Haba Malam," in ji Inna, "ka bar yaran nan su gwada mana."

Ya ɗaga yatsa guda. "Sau ɗaya. In ta ƙi, ku sayar, kuma kada wanda ya sake ɗauko min maganar."

Yaya bakanike ne, yana da garejinsa, kuma da ya buɗe injin Gwaggo sai ya ce ai ba giya kaɗai ba, injin ma gaba ɗaya yana neman a sake shi. Aka jawo ta zuwa gareji, aka sauke injin, aka baje kayan cikinsa a kan wani tsohon labule. Can muka riƙa taro a ɗan ofishin Yaya, mai kujerar mota yagaggiya a madadin benci, da fankar da ba ta juyawa sai an ɗan mare ta.

Rigimar farko a kan giya aka yi ta.

"Otomatik za a sa," na ce. "Ta canza giyarta da kanta, Baba ya ji da totur da birki kawai."

Auta, wanda ƙato ne mai gemu har da 'ya'ya biyu amma har yau in ya ga mota mai gudu sai ya bi ta da kallo baki buɗe, ya dafe ƙirji. "Otomatik? A jikin Gwaggo? Anti, ki ji tsoron Allah. Kamar ki sa wa soja takalmi mai tsini ne fa."

"Akwai dabara," in ji Yaya. "Ana iya mayar da kuloci ya koma na hannu. A ɗaura masa wani ɗan ƙarfe kusa da sitiyari, ya riƙa ja."

"Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a giya, ɗaya a kuloci," na ce. "Yaya, hannu nawa ka bar Baba da shi da ka fito da safe?"

"Masifatu, ba a magana da ke a hankali ne?"

Masifatu shi ne sunan da yake kirana da shi tun muna yara, kuma ban taɓa ba shi dalilin canzawa ba. Na san abin da ke damun su biyun. Baba da bakinsa ya sha cewa otomatik motar malalata ce, kuma babu wanda ke son ya zama shi ne zai kai masa ita. A ƙarshe Yaya ne ya samo mafita. Kan sandar giyar Gwaggo na katako ne, Baba ya sassaƙa shi tun kafin a haife ni, tafin hannunsa ya goge shi har yana sheƙi. Yaya ya ce zai cire shi ya ɗaura a kan sandar sabuwar giyar, ko ba komai hannun Baba zai tarar da abin da ya saba. A nan na yafe masa maganar hannu uku.

Sai aka zo kan kamshaf. Ni ban san shi ba sai ran nan. Yaya ya ɗauko tsohon ya ɗora min a cinya, ya ɓata min siket da baƙin mai. Sanda ce ta ƙarfe mai ƙululai a jere, ita ke buɗe bawul ta rufe, wato ita ke gaya wa inji yaushe zai shaƙi numfashi, yaushe zai fitar. Na Gwaggo ya cinye, dole a sayi sabo. Yaya ya ce iri biyu ne za su shiga. Akwai mai ƙananan ƙululai, wanda ke sa inji numfashi a natse, ya ba da ƙarfi tun daga tashi. Akwai kuma mai manya, na masu son gudu, wanda ba ya nuna kansa sai an taka mota sosai, in kuwa tana tsaye sai ta yi ta karkarwa tana gurnani.

"To ai magana ta ƙare," na ce. "Baba ba tsere zai shiga ba."

"Tsaya ki ji wani abu," in ji Auta, ya zaro waya ya kunna bidiyon wata a-kori-kura da aka sa wa babban kamshaf, tana tsaye injinta na aiki.

Gur-gur-gum. Gur-gur-gum. Gur-gur-gum.

Tsigar jikina ta tashi, don wannan ba ƙarar motar wani ba ce, muryar Gwaggo ce ta lokacin da muke yara. Tun daga kwanar layinmu muke jiyo ta da yamma. Da mun ji sai Yaya ya cusa ƙwallo ƙarƙashin gado, ni in buɗe littafi ko da a juye ne, Auta ya sauke ƙafa daga kan tebur, Inna kuma ta ɗora ruwan shayi ta je ta buɗe ƙofa. Daga baya, muna makarantar gaba, ƙarar ta ɓace, muka ɗauka tsufa ne ya kama Gwaggo, ƙarfinta ya ragu.

"Ashe babban kamshaf gare ta a da," Auta ya ce a hankali.

Yaya, wanda ya yi furfura a cikin injina, ya gyaɗa kai kamar an karanto masa abin da ya daɗe yana nema. Ni kuma da na shigo da hankalina, nan take na ajiye shi a ƙofa. Na ce a raina, in Baba ya ji muryar nan, ai shekarun da yake da ƙarfinsa ne za su dawo masa. Ba wanda ya kawo shawarar a tambaye shi, don so muke mu ba shi mamaki.

Mai sayar da kayan gyara wani dattijo ne mai tabarau a rataye da zare, shagonsa cike da akwatuna har rufi. Bai tambaye mu wane muke so ba.

"Ina motar za ta riƙa zuwa?"

"Kasuwar katako, asibiti, gida," in ji Yaya.

"Wa zai tuƙa?"

"Mahaifinmu."

"Giya fa?"

"Otomatik."

Ya shige ciki ya fito da mai ƙananan ƙululai ya ajiye a kan kanta. Auta ya ture shi gefe da yatsa.

"Baba, ba wannan ba. Wanda zai yi gur-gur-gum muke so."

"Ba haka take yi ba," na ce. "Akwai ɗan tsayawa a tsakani. Gur-gur, sai gum."

"Ku duka kun yi sauri," in ji Yaya, ya rufe ido ya kumbura kumatu ya shiga yin tasa.

Mu uku, manya da iyalanmu, muka tsaya a shagon mutane muna gurnani ana gyara wa juna, har wani da ya shigo sayen fulogi ya koma da baya ya tsaya a ƙofa. Dattijon ya ɗora tabarau a hanci ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni dai ƙarfe nake sayarwa, ba waƙa ba," ya ce. Ya ɗauko babban ya miƙa wa Yaya, amma bai saki ba. "Kai bakanike ne, ka sani. Wannan da otomatik a cikin gari ba sa shiri. A cunkoso birki zai yi muku gardama."

"Zan daidaita," in ji Yaya.

Ranar da aka tayar da injin a gareji sai da na yi hawaye. Gwaggo ta girgiza, ta yi tari, ta kama gur-gur-gum ɗinta tsaf, har gwangwanin man da ke kan murfin injin ya yi ta rawa ya faɗo. Matsala ɗaya aka samu: da an sa giya sai ta mutu. Yaya ya ƙara mata wuta kaɗan yadda ko tana tsaye injin zai riƙa juyawa da sauri, ta daina mutuwa. Ya fita da ita babban titin bayan gari da sassafe, babu kowa, ya taka ta, ya taka birki, ya dawo yana washe baki ya ce birki kamar hannun uwa.

Ranar gwaji Baba ya fito da rigarsa ta aiki mai aljihu biyu, ga fensir a bayan kunne. Tun da ya kwanta ciwo ban ga fensir ɗin nan ba, sai da na kau da kai. Auta ya tayar da motar yana kallon fuskarsa. Baba ya tsaya cak, ya haɗe gira, ya karkata kai yana saurare. Muka zunguri juna, mun ɗauka abin ne ya taɓa masa zuciya.

Yaya ya taimaka masa ya hau. Hannunsa ya sauka a kan katakon giyar da kansa, ya shafa shi da babban yatsa.

"Motar malalata," ya ce, amma gefen bakinsa ya motsa.

Ni na zauna kusa da shi, Yaya da Auta suka biyo mu a motata. Da farko lafiya lau. Ya fita layi, ya hau titi, ya sa hannu ɗaya a taga kamar yadda ya saba, har ya yi wa wani mai babur tsaki, na ce alhamdulillahi. Sai muka shiga hanyar kasuwa, inda motoci ke tafiya taku ɗaya su tsaya. Baba ya taka birki, ya saki, ya sake takawa. Gwaggo kuwa ba ta son tsayuwa, sai fizga take kamar akuya a igiya. Can na ga ya miƙe ƙafa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta fito, motar kuma tana ci gaba da tafiya a hankali.

"Baba, birki!"

"Ina takawa!"

A gabanmu akwai mai tura kankana a kura. Ba da ƙarfi muka buge shi ba, kurar ce kawai ta karkata, kankana ta bazu a titi tana gangarawa ƙarƙashin motoci. Ba wanda ya ji ciwo. Mai kankana ya taso da zagi cike da baki, amma da ya ga Baba ya sauko da sanda yana jan ƙafa sai ya haɗiye.

"Ayya, sannu Baba. Ba komai, wallahi ba komai. Ai da ka bari yara sun tuƙa ka."

Da zagin ya yi da ya fi mana sauƙi. Baba ya miƙa wa Yaya makulli, bai kalli kowa ba.

"Ƙafar daman ma ta bi 'yar'uwarta," ya ce. Ya zare fensir daga kunne ya sa a aljihu.

Yaya ya mayar da shi gida a motata, Auta ya tsaya tattara kankana da sallamar mai ita, ni aka bar wa Gwaggo in kai ta gareji. Ban yi nisa ba a cikin cunkoson nan na ji abin da Baba ya ji. Takun farko birki ya kama, na biyu ya ɗan yi tauri, daga nan kuwa ya koma dutse. Sai da na tashi tsaye a kansa da ƙafa biyu kafin na tsaya a bayan wata bas. Na isa gareji jiƙe da gumi, ina jiran Yaya kamar wuta. Yana shigowa na tare shi.

"Ba ƙafar Baba ba ce! Birkinka ne, wanda ka ce kamar hannun uwa!"

Ya saurare ni har na gama, sai na ga fuskarsa ta faɗi. Ya zauna a kan taya ya dafe kai. Ya ce akwai wani tulu a bayan fedar birki da ke taimaka wa ƙafa, kuma da zuƙar iskar inji yake aiki. Babban kamshaf in mota na tafiya a hankali ba ya zuƙa sosai, in aka yi ta taka birki a jere sai tulun ya ƙare, a bar ƙafa ita kaɗai. Ga shi kuma ya ƙara wa injin wuta, motar na ta ja gaba. A titin da babu kowa ba za a taɓa ganewa ba.

"Dattijon nan ya faɗa," ya ce.

"Ya faɗa mana, kana can kana kumbura kumatu."

Auta da ya iso ya ce sam, kamshaf ba shi da laifi, ƙafata ce ta mata ba ta da nauyi. Na ce masa ya matso in gwada nauyinta a bayansa.

Na garzaya gida na durƙusa gaban kujerar Baba na zayyana masa komai game da tulun da iskar. Ya bar ni na kai aya, sannan ya dafa kaina.

"Uwata, na gode. Amma ban tsufa da gane lallashi ba."

"Wallahi Baba ba lallashi ba ne."

"Sau ɗaya na ce, kuma an yi. Maƙwabcinmu mai sayar da gas ya daɗe yana sonta. Ku kawo ta gobe ya gani."

Na fito tsakar gida na yi kuka mai isata, na haushi da na tsoro a haɗe. Mu da muka tashi dawo masa da ƙarfinsa, mun je mun sa ya yarda cewa ɗayar ƙafar ma ta tafi, kuma na san in motar nan ta fita daga gidan, Baba ba zai sake tashi daga kujerar nan ba sai dai a ɗauke shi.

Washegari da hantsi mai gas ya zo ya tsaya a tsakar gida yana jira, Inna na shanya, Baba na bakin tagarsa. Yaya ya ce a bari ya jawo motar da igiya, amma kafin ya samo igiyar Auta ya sace makulli, wai zai nuna mana yadda maza ke taka birki. Layinmu kuwa duk tudun rage gudu ne, ga yara na ƙwallo, dole mutum ya yi ta taka birki tun daga kwana. Muka jiyo gur-gur-gum tana matsowa. Inna ta tsaya da zanen gado a hannu tana saurare.

Gwaggo ta shigo ƙofa a hankali, kuma ba ta tsaya ba. Na hango idon Auta ta gilashi sun yi waje, ya tashi tsaye a kan feda yana kiran sunan Allah. Mai gas ya yi tsalle ya haye tankin ruwa. Motar ta bi ta cikin igiyar shanya, ta kwashe zannuwa da singiletin Baba, ta je ta dungure tsohon teburin aikinsa da bango, sannan ta mutu.

Auta ya fito da rigar matashin kai ta shanya rataye a madubi kusa da kunnensa, yana haki. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Baba ne ya fito da kansa, ba wanda ya riƙe shi. Ya zagaya motar, ya duba teburin, ya dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Auta," ya ce, "kai kuma taka ƙafar yaushe ta shanye?"

Ni na fara fashewa da dariya, hawaye na zuba. Yaya da ya shigo da igiyarsa a kafaɗa ya tsaya sororo.

"To yanzu ku gaya min," in ji Baba, ya zauna a gefen teburin. "Wane mugun ne ya dawo min da ciwon nan cikin mota?"

"Wane ciwo, Baba?"

"Tarin nan mana. Tun jiya nake jin sa, na yi shiru don kada in kunyata ku."

Muka kalli juna. Yaya ya yi ƙarfin hali ya ba shi labarin bidiyo, da shagon dattijo, da yadda muka zaɓi babban kamshaf don mu dawo masa da muryar Gwaggo ta lokacin da take da ƙarfi. Baba ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya kama dariya har sandarsa ta faɗi.

"Ƙarfi? Bawul ne fa ya ƙone! Ɗaki guda na injin ba ya aiki, da ɗingishi take tafiya. Shekara da shekaru ina jin kunyar ƙarar nan. In zan kai kaya gidan manyan mutane, tun daga nesa nake kashe ta in gangara, don kada su ce kafintan da ya kasa gyara motarsa ne zai yi musu gado. Ranar da na samu aka canza kan injin, barcin da na yi ban taɓa yin irinsa ba." Ya nuna Yaya da yatsa. "Kai kuma da na kai ka koyon kanikanci, ka tashi takanas ka sayo min tari sabo fil a kwali."

Yaya ya sosa ƙeya. Rabon da in ga wani ya sosa ƙeya a gaban Baba har na manta, sai na ji daɗi kamar an yi min kyauta.

Inna tana tsince zannuwanta daga kan motar tana kakkaɓewa, ba ta kalli kowa ba ta ce, "Ni kuwa da tarin nan nake sanin ka dawo lafiya. Tun daga kwana hankalina ke kwanciya. Da ka gyara ta, sai dai in yi ta leƙe."

Baba ya daina dariya ya dube ta. "Ba ki taɓa faɗa ba."

"Kana ta murna, me zan ce?"

Ya juya wajen mai gas, wanda har lokacin yake kan tanki, ya ce masa ya yi haƙuri ya sauko, motar ba ta sayarwa ba ce tukuna.

Wannan karon da Baba aka je shagon. Dattijon na ganinmu ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya ɗauko mai ƙananan ƙululai, ya ce ko mayar da shi ciki bai yi ba. Baba ya tare a gareji a kan kujerar nan yagaggiya, yana shan shayi yana ba da umarni a kan aikin da bai iya ba, Yaya na cewa to. Da aka tayar da injin, sai ya zaro ma'auninsa na kafinta daga aljihu, wanda ke da kumfar iska a cikin ruwa, da shi yake gane ko tebur ya miƙe. Ya ɗora shi a kan murfin injin ya sunkuya yana kallo. Kumfar na ɗan rawa.

"Rage," ya ce.

Yaya ya murɗa wani abu, ya sake murɗawa, har kumfar ta tsaya a tsakiya ta natsu. Injin ya koma wani siririn sauti kamar na keken ɗinki. Auta ya ce shi wallahi bai ma san tana kunne ba, kuma wannan ba Gwaggo ba ce, amarya ce. Baba ya ce masa ya je ya gyara igiyar shanyar uwarsa.

Ni da Yaya muka bi da ita hanyar kasuwa a tsakiyar cunkoso, muka taka birki har muka gaji, bai yi gardama ba. Sannan Baba ya tuƙa muna ciki, ya wuce mai kankana ya ɗaga masa hannu. Bayan haka ya ce zai je kasuwar katako shi kaɗai, kuma duk wanda ya bi shi a baya bai yafe ba. Fensir na kunnensa ya fita.

Muka taru a falo muna jira, kowa na yin kamar ba jira yake ba. La'asar ta wuce, rana ta fara sanyi. Auta ya miƙe ƙafa a kan tebur yana danna waya, Yaya na ta duba agogo a sace. Inna ta zauna kusa da ƙofa da ɗinki a hannu, allurar ba ta motsi, ta karkata kunne waje. Tausayinta ya kama ni.

"Inna, ba za ki ji ta ba fa," na ce. "Yanzu ko a bakin ƙofa take sai an gan ta."

"Na sani," ta ce, amma ba ta gyara zama ba.

Sai daga can kwanar layi muka ji hon. Gajere biyu, dogo ɗaya. Aka ɗan tsaya, aka sake: gajere biyu, dogo ɗaya, daidai yadda tarin yake, har da ɗan tsayawar da na yi ta gardama a kanta a shago.

Auta ya sauke ƙafa daga kan tebur da sauri, bai ma san ya yi ba. Inna ta ajiye ɗinkin, ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙe.

"Uwata, ɗora ruwan shayi," ta ce. "Ni zan buɗe masa."